'Yar Malam da Yar Malam

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Na ce wa Innarki ta sa takardar nan a ƙasan jakarki, ƙarƙashin ƙullin ƙuli-ƙuli, don na san ba za ki kai can ba sai kin sauka kin huta. To, sannu da hanya. Allah Ya sa kin isa Bacirawa lami lafiya, Ya tsare ki a hanyar makaranta, tafiya da dawowa, Ya haɗa ki da mutanen kirki. Ki gaishe da Kawunki Habu da iyalinsa, ki ce ina godiya da riƙo.

Ba labarin gida zan ba ki ba, yanzu kika baro shi. Magana ce da na kasa yi da baki. Tun abin da ya faru a shago lokacin auren gidan Malam Isma'il, ba ki ƙara ce mini uffan a kan kwamfuta ba. Kina gaishe ni, kina share shago, kina karɓar aikin mutane, amma da na buɗe rubutun shafi sai ki kau da kai. Yanzu ga shi kin tafi Kano koyon sana'ar da ni na fara ɗora hannunki a kai, kuma kin tafi da shirun nan. Shi ne ya hana ni sakat. Zan zo kansa, amma ki bar ni in bi ta hanyata, kin san mahaifinki ba ya shiga magana ta ƙofar gaba.

Ba zan ce miki ni ba kowa ba ne, don ƙarya zan yi. Da facin taya na fara a bakin tashar Ɗambatta, ina tahowa daga ƙauye a ƙasa ta cikin gonakin gero. Na koma gyaran rediyo, na koma cajin waya, har Allah Ya ba ni shagon buga takardu. Ba wanda ya zaunar da ni a aji ya koya mini rubuta shafin intanet. A waya na koya, da ɗan Turancin sakandaren da na fito da shi da ƙyar, ina kallo, ina tsayarwa, ina kwaikwayo. Har yau in aka ce Injiniya a kasuwar nan, ni ake nufi, kuma ba na ɓoyewa, ina jin daɗin sunan. Sai dai wanda ya koya wa kansa aiki, har kuskuren ma shi yake koya wa kansa, ba mai ce masa a'a. Kurakuran nan nake so in zube miki, ki gan su, ki tsallake.

Abu na farko da za su koya muku shi ne bariyebul. Na san kin san shi, ba ma'anarsa zan koya miki ba, abin da na yi da shi zan faɗa. Ni a wurina buhu ne da aka rubuta wa suna a jiki, irin yadda 'yan hatsi ke yi ranar kasuwa kafin a ɗora kaya a mota. Yau gero ne a ciki, gobe a juye a zuba dawa, sunan yana nan. Ka ce wa na'ura ga buhu, sunansa kaza, ajiye mini wannan a ciki. Duk lokacin da ka kira sunan, ta miƙo maka abin da ke ciki.

Da Malam Isma'il ya ba ni aikin shafin sakamakon Islamiyyarsa, don iyaye su riƙa duba makin yaransu a waya, buhun farko na sa masa suna abu. Na biyu abu2. Da na gaji da lamba sai na koma wancan, sai sabo, sai sabonsabo. Akwai ma wanda na raɗa wa wahala, don ranar ya ba ni haushi. Shafi ya yi aiki, aka yaba. Bayan an kawar da amfanin gona Malam ya ce a ƙara darasin Hadisi. Na buɗe abin da na rubuta da hannuna, na zauna ina kallonsa kamar baƙo a gidan biki. Wanne ne makin Tajwidi, sabo ko sabonsabo? Me ke cikin wahala? Sai da na riƙa canza lamba ina leƙa shafi in ga wa ya motsa.

Kuma ba lalaci ba ne kaɗai. Akwai ɗan jin daɗi a raina cewa in wani ya buɗe ba zai gane komai ba, dole a dawo wurin Injiniya. To ga Injiniyan ma bai gane ba. Ke ki sa wa kowane buhu sunan abin da ke cikinsa: makinTajwidi, sunanUba, ranarSauka. Ko sunan ya yi tsawo, ba haya ake biya ba. Ki rubuta kamar wata baƙuwa ce za ta karanta, don in an kwana biyu, ke ce baƙuwar.

Na biyu, ki san abin da ke cikin buhun, ba sunansa kawai ba. A shafin nan dai, wata ɗaliba ta ci arba'in a rubutu, talatin da biyar a karatu, sai shafina ya ba ta jimlar 4035. Mahaifinta mai sayar da taki ne, ya zo har shago da wayarsa a hannu yana murmushi.

"Injiniya, yarinyar nan tawa ita ke koya wa Malam karatu ne? Na ga ta ci dubu huɗu, 'yar maƙwabcina ko ɗari ba ta kai ba."

Na ce masa matsalar netwok ce. Ba netwok ba ce. Duk abin da aka buga a akwatin shafi, na'ura a matsayin rubutu take karɓarsa, ko da lamba ce a ido. In ka ce ta haɗa rubutu da rubutu, manna su take yi gefe da gefe, ba lissafi ba. Sai ka fara ce mata wannan lamba ce, sannan ta tara. Na zargi kwamfutar, na zargi wanda ya sayar mini da ita, na zargi wutar da ake ɗaukewa, ban zargi ni kaina Sule ba sai daga ƙarshe. Ummi, na'ura ba ta ƙarya, kuma ba ta da kara. Abin da ka ce take yi, ba abin da kake nufi ba. In amsa ta fito a karkace, ki fara duba abin da kika ce mata kafin ki nemi mai laifi a waje.

Sai fankshin. Wannan shi ne injin niƙa. Mai inji ba ya ƙera sabon inji don kowace mace ta aiko da niƙa. Inji ɗaya ne, a zuba gero ta sama gari ya fito ta ƙasa, a zuba masara, haka. Ka rubuta aikin sau ɗaya, ka sa masa suna, duk mai buƙata ya kira shi ya zuba nasa. Na ga wannan a darasi tun farko, na ce ɓata lokaci ne, tunda ga kwafi ga mannawa. Lissafin wa ya ci wa ya faɗi, sai na kwafe shi na manna a aji ɗaya, na manna a aji biyu, har na gama azuzuwan. Da Malam ya ɗaga makin cin jarrabawa, na gyara a wasu wuraren na manta da wasu. Makin da ya kayar da yaro a wannan ajin, shi ya tsallakar da wani a wancan, kuma aka yi rashin sa'a a ajin da aka tsallake akwai jikan Malam. Aka fara magana a bakin masallaci, wai Malam yana son kai. Mutumin da ko goro ba ya karɓa a hannun iyayen yara. Ni na jawo masa, da gaggawata. In kika ga hannunki yana sake rubuta abin da ya riga ya rubuta, ki tsaya, inji ake buƙata a wurin. Gyara ɗaya a cikin inji ya wadatar da kowa.

To, yanzu na iso.

Kin tuna Malam ya ce in yi masa shafin gayyatar auren 'yarsa, wanda za a tura wa dangi na Kano da na nesa. Na rubuta, na sa hoton masallaci, na sa furanni. Na buɗe, sai fari fat, ba ko harafi. Can a ƙasa, inda na'ura ke faɗin damuwarta, ga jan rubutu da Turanci. Ban karanta ba. Ban taɓa karanta jan rubutun nan ba, rufe shi nake yi, don yana tuna mini da jan biron malamin Turancinmu. Wannan ma ki riƙe: jan rubutu ba zagi ba ne, har layin da ciwon yake yana faɗa. Ki karanta shi a hankali, ko da ƙamus ne.

Abin da ya faru shi ne, in za ka ba na'ura magana ta ajiye, sai ka kewaye maganar da 'yar alamar nan ta sama, ɗaya a farko ɗaya a ƙarshe, don ta san inda ta fara da inda ta ƙare. Mu kuwa alamar nan a cikin maganarmu take zaune, ita ce hamzar da ke cikin Isma'il, da Juma'a, da 'ya. Waɗanda suka ƙera abin ba su yi tunanin Sa'adatu da Mu'azu ba. Da na'urar ta iso hamzar 'yar Malam, sai ta ɗauka magana ta ƙare, sauran kuma ta rasa me za ta yi da shi, ta zauna.

Ni ban gane haka ba. Na dai lura in na goge alama ɗaya, jan rubutun yana matsawa gaba. Sai na bi su ina gogewa. Shagon a cike, ranar kasuwa ce, ga masu jiran hoton takarda, ga Ɗanlami direba a kan benci yana jiran cajin wayarsa. Kina tsaye a bayana. Kika sunkuyo kika ce, a hankali ma kika faɗa:

"Baba, ba hamzar ce ke da laifi ba. Da za ka kewaye maganar da alama mai biyu-biyu, sai ka bar na cikin yadda suke. In ka goge ta farkon nan, ma'anar za ta canza."

Ɗanlami ya ji. Ya buga cinya ya ce, "A'a! Injiniya, yau kuma ɗaliba ce ke ba da karatu? A ba ta kujerar mana!"

Aka yi dariya. Dariyar nan ce ta shiga kaina, ba maganarki ba. Na juyo na ce miki, "Ke kika buɗe shagon nan ko ni? Wa ke kula da wani ɗan ɗigo a waya? Ɗauki cefanen nan ki kai wa Innarki." Kika ce, "To, Baba." Kika ɗauki leda kika fita. Na goge ta ƙarshe, shafi ya fito tas, na juya kwamfutar ina nuna wa Ɗanlami, ina cewa ka gani.

Abin da aka tura wa duniya shi ne: ɗaurin auren yar Malam Ismail, bayan sallar Jumaa.

Ke kin gani tun kafin a tura, ni sai da gari ya ɗauka. Na mayar da 'yar Malam ta zama yar Malam. Kuma Malam yana da ya, Hajiya Hansai, wadda mijinta ya rasu tun kina goye, mai jikoki har da tattaɓa kunne. Mata suka riƙa shiga gidanta suna guɗa. Kasuwa ta gaba sai ga ta a ƙofar shago, tana dogara sanda.

"Injiniya! Fito. Ina angon?"

Na ce, "Hajiya, barka da zuwa, a shigo daga ciki."

"Ba na shiga. An ce ka ɗaura mini aure a waya, ni ko goro ban gani ba. In mai haƙori ne a kawo shi in duba. In irinka ne, a bar shi, na gode."

Kasuwa ta kwashe da dariya, ni ma na yi, don ba yadda zan yi. Ita wasa ta ɗauke shi. Amarya ce ba ta ɗauke shi wasa ba. Innarki ta gaya mini ƙawayenta sun riƙa kiranta Gwaggo har ranar kamu, ta yi kuka. Malam kuwa bai ɗaga murya ba. Bayan La'asar ya riƙe hannuna a ƙofar masallaci ya ce, "Alhaji Sule, shekara da shekaru ina hana yara haɗiye harafi. Ga shi ka haɗiye ɗaya a sunana, ka haɗiye ɗaya a 'yata." Ya saki hannuna ya tafi. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na koma shago na gyara. Kin san da me na gyara? Da abin da kika faɗa, kalma da kalma. Na sa masu biyu-biyu a waje, na mayar da kowace hamza gidanta, shafi ya tashi. Na dawo gida na ci tuwo kina zuba mini ruwa, ban ce miki komai ba. Na ce a raina gobe. Goben ce har kika hau mota.

Shawarar da ke cikin wannan ta sana'a ƙarama ce: kada ki taɓa yanke sunan mutum don ya shiga na'ura. Na'urar za ki gyara ta karɓi sunan. Duk shafin da kika yi, ki gwada shi da Sa'adatu, ki gwada shi da Ɗanjuma da Ƙasimu, kafin ki ce kin gama, don littattafan da za a koya muku da su ba da sunayenmu aka rubuta su ba.

Babbar kuwa ita ce wannan. A ajin nan za ki tarar da irina. Za su fi ki murya, wasu sun fi ki Turanci, wasu tun suna yara suke da kwamfuta a ɗaki. Wata rana za ki ga kuskure a allo, ko a aikin wanda ya girme ki, kuma za ki tuna abin da ya biyo baya ranar da kika faɗa wa mahaifinki gaskiya. Ina tsoron ki ce "to" ki ɗauki jakarki. Ummi, in kika yi haka, ni na koya miki, kuma shi ne mafi munin abin da na koya miki. Ki faɗa. Da ladabi, da sassauta murya, yadda kika yi ranar, don ba abin da kika yi ba daidai ba. Sana'ar nan ba ta tafiya sai da mai cewa ga kuskure a layi kaza. In kuma ke aka yi wa gyara, ko da a gaban jama'a ne, ko da ana dariya, ki duba maganar tukuna, daga baya kya duba mai maganar.

Sauran kin san su. Sallah a kan lokaci, ko aiki ya ɗauko daɗi. Ki riƙa adana aikinki kina yi, wutar Kano ma ba ta sallama in za ta tafi. Ki taya matar Kawunki aiki, kada a ce 'yar Injiniya ta zo da girman kai, wanda ake faɗa a kaina ya isa.

Saura abu ɗaya, kuma ba shawara ba ce.

Malam ya sake ba ni aiki, Allah Ya saka masa, bai ƙi ni ba. Yana son matsakaicin makin kowane ɗalibi ya fito a shafi kafin walimar sauka. Wannan karon na ce zan yi yadda ya kamata, na yi inji guda, na sa wa komai sunansa. Ga shi yadda na rubuta:

function matsakaici(rubutu, karatu) {
let jimla = rubutu + karatu;
let amsa = jimla / 2;
}

Lambobi ne a ciki, na tabbatar. Ba jan rubutu ko ɗaya. Amma a gaban sunan kowane ɗalibi kalma ɗaya ce ke fitowa, undefined. Na duba ƙamus, wai abin da ba a fayyace ba. Injin yana niƙa, na san yana niƙa, amma gari ba ya zubowa a kwano, kuma na rasa inda bakinsa yake.

Ranar Talatar da ta wuce kin sayo mini fura, kin tsaya a bayana ina fama da shi. Na ga fuskarki a gilashin kwamfutar. Na ga idonki ya sauka layin ƙarshe, na ga kin buɗe baki. Sai kika ajiye kwanon kika ce a sha lafiya, kika fita. Na san kin gani.

Zan iya tambayar waya, yanzu ba abin da ba ta amsawa. Ban tambaya ba, kuma ba zan tambaya ba. Malam ya tare ni jiya ya ce ina aka kwana, na ce masa sai Ummi ta duba. Ya tsaya ya dube ni ya ce, "Injiniya, kai ne kuwa?" Na ce ni ne. In ba ki amsa ba, ranar walima zan miƙe a gaban iyayen yara in ce ban iya ba. Ban taɓa furta wannan a Ɗambatta ba, amma zan furta, kuma ba zan ga laifinki ba.

In kin huta, ki kira wayar shago. Ki faɗa mini abin da kika gani, yadda kika gan shi, kada ki sa masa zuma. In kin kira ranar kasuwa ma ya fi, zan buɗe muryar wayar kowa ya ji.

Allah Ya tsare ki daga sharrin hanya da na mutane, Ya kare miki idonki da mutuncinki, Ya buɗe miki abin da ya rufe mini. Allah Ya yi miki albarka, Ya dawo mana da ke lafiya. Innarki da ƙannenki suna gaishe ki.

Wassalam.

Mahaifinki,
Sule